Zogin Haƙora Bayan An Ƙara Musu Fari: Dalilinsa Da Yadda Za A Magance Shi

GABATARWA

Tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, garin Karu da maƙwabtansa, watau Nyanya da Jikwoyi da Kurudu da Mararaba ta Jihar Nasarawa, suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe na Nijeriya. Inda jama'a suka taru kuwa, nan sabon yayi kan fara sauka. A da, a ƙasar Hausa, mace mai ado takan goga furen taba ta ci goro don haƙoranta su yi ja. Yau ado ya juya. Amare da angwaye da samari da masu neman aiki, kowa so yake haƙoransa su yi fari fat. Saboda haka ake sayar da magunguna iri iri na ƙara wa haƙora fari a kantuna da kasuwanni da shagunan gyaran jiki, har da ta intanet.

Son tsabta da kyan gani ba laifi ba ne. Amma mutane da yawa, bayan sun yi wannan aiki, sai su iske ba su iya kurɓar ruwan sanyi, ba su iya shan shayi mai zafi, wani ma iska kaɗai in ta shiga bakinsa sai ya ji kamar an soka masa allura. An shirya wannan takarda ne domin a bayyana wa jama'a dalilin wannan zogi, da yadda za a kauce masa, da abin da za a yi idan ya zo, da kuma lokacin da ya wajaba a tafi asibiti.

YADDA AKA GINA HAƘORI

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun fito duka. Kowane ɗaya daga cikinsu hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne farin ɓawon da ido ke gani. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba shi da jijiya, saboda haka ba ya jin zafi ko sanyi. Kaurinsa a kan turamen haƙora yakan kai milimita 2 da rabi, amma yana raguwa har ya zama siriri ƙwarai a wuyan haƙori, kusa da dasashi. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan ɓawo in ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Farce da gashi suna tofowa, shi kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Hawa na biyu shi ne ƙashin haƙori, wanda launinsa rawaya-rawaya ne. Cike yake da 'yan ƙananan hanyoyi kamar bututu, dubbai a wurin da bai fi kan allura ba, kuma akwai ruwa a cikinsu. Hanyoyin nan sun taso tun daga ƙarƙashin ɓawo har zuwa tsakiyar haƙori.

Hawa na uku shi ne ɓargon haƙori, inda jijiyoyin ji da hanyoyin jini suke. Cikin shekarun 1960 wani masanin haƙori ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana cewa idan sanyi ko zafi ko zaƙi ya taɓa bakin waɗannan hanyoyi, ruwan da ke cikinsu yakan motsa, motsin nan kuwa shi ke taɓa jijiya har mutum ya ji zogi. Har yanzu wannan bayani shi ne mafi karɓuwa wurin likitoci.

ABIN DA KE CANZA LAUNIN HAƘORA

Lalle ne a sani cewa haƙori mai lafiya ba fari fat yake kamar alli ba. Rawayar ƙashin ciki takan ɗan nuno ta cikin ɓawo, kuma tana ƙaruwa da shekaru. Ban da wannan, tabon haƙori iri biyu ne.

Akwai na waje, wanda goro da taba da shayi da kofi da zoɓo kan bari, tare da dattin da ya sandare a gindin haƙora. Irin wannan, wankin haƙori na asibiti yakan fid da shi, ba sai an sa wani magani mai ƙarfi ba. Mutane da yawa da ke neman a ƙara musu fari, wankin nan kaɗai suke bukata.

Akwai kuma na ciki. Yaron da aka ba maganin tetarasaikilin kafin ya kai shekara 8, ko wanda uwarsa ta sha tana da cikinsa, haƙoransa kan fito da launin toka ko ruwan ƙasa. Haka nan wanda ya tashi yana shan ruwan da sinadarin fulorayid ya yi masa yawa, haƙoransa kan yi dabbare-dabbare. An san wannan a yankin Langtang na Jihar Filato, da garin Tibiri kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Haƙorin da ya mutu bayan faɗuwa ko duka shi ma yakan yi duhu shi kaɗai. Tabon ciki ba ya fita da gurza, kome ƙarfin hannun mai gurzawa.

YADDA MAGANIN KE AIKI DA DALILIN ZOGI

Kusan duk magungunan ƙara fari na gaskiya ɗayan sinadari biyu ne a cikinsu. Na farko shi ne haidurojin farosayid, watau ɗan'uwan ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi. Na biyu shi ne kabamayid farosayid, wanda idan ya shiga baki yakan saki haidurojin farosayid sannu a hankali. Ƙarfin na biyun kimanin sulusin na farko ne. Misali, kabamayid mai kashi 10 cikin 100 daidai yake da haidurojin mai kimanin kashi 3 da rabi.

A 1989 ne wasu likitoci biyu na Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana hanyar yin wannan aiki a gida. Likita yakan auna bakin mutum ya yi masa roba daidai haƙoransa, a zuba kabamayid mai kashi 10 a ciki, a kwana da ita. A asibiti kuwa akan yi amfani da haidurojin mai ƙarfi ƙwarai, daga kashi 25 zuwa 40, bayan an rufe dasashi don kada ya ƙone. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka a 2011 cewa duk maganin da ya wuce kashi 0.1 ba za a sayar da shi ga kowa ba sai likitan haƙori, ba za a wuce kashi 6 ba, kuma ba za a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wannan ya isa ya nuna cewa abin ba na wasa ba ne.

Sinadarin ba a saman haƙori yake tsayawa ba. Yana ratsa ɓawo ya shiga ƙashi, ya farfasa abubuwan da suka ba shi launi. Cikin minti 15 ko ƙasa da haka, kaɗan daga cikinsa yakan isa ɓargo, ya tsokani jijiya, ya jawo ɗan kumburi na wucin gadi. Shi ya sa wani kan ji tsira kamar ta wutar lantarki ko da bai ci kome ba. Har wa yau maganin yakan busar da haƙori, ya kuma buɗe bakin 'yan hanyoyin nan da muka ambata.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan masu yin aikin a gida, ya nuna cewa kimanin rabinsu sun ji zogi mai sauƙi, ɗaya cikin goma ya ji matsakaici, kimanin huɗu cikin ɗari kuma suka ji mai tsanani. Waɗanda dasashinsu ya janye daga wuyan haƙori sun fi kowa shan wahala. Gwargwadon ƙarfin magani da daɗewarsa a baki, gwargwadon zogin da zai biyo baya. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake haska wa haƙora a wasu wurare ba ta ƙara wani fari mai ɗorewa na a-zo-a-gani ba, tana iya ma ƙara zogi.

Abin kwantar da hankali shi ne, ga mai lafiyayyun haƙora wannan zogi mai wucewa ne. Yakan fi tsanani a kwana ɗaya ko biyu na farko, sa'an nan ya lafa cikin 'yan kwanaki bayan an daina sa maganin.

KAFIN A FARA

Rigakafi ya fi magani. Duk mai niyyar ƙara wa haƙoransa fari, sai ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A fara zuwa wurin likitan haƙori ya duba baki. Idan akwai kogo, ko tsagewa, ko tsohon cikon da ya saki, ko ciwon dasashi, sai a gyara tukuna. Maganin da ya faɗa cikin kogo kai tsaye yake zuwa jijiya.

2. A fara goge baki da man rage zogi, safe da dare, mako biyu kafin ranar aiki. A nemi wanda aka rubuta yana da fotasiyam naitiret kashi 5 cikin 100, ko wani sinadari mai toshe hanyoyin haƙori. Sensodyne ɗaya ne daga cikin irinsu, akwai wasu kuma. Mai kantin magani zai iya nunawa.

3. A zaɓi magani mai sauƙi a ɗauki lokaci. Mai sauƙi da mai ƙarfi wuri ɗaya suke zuwa, sai dai mai ƙarfi ya riga isa da wahala. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Mai shirin biki kada ya bari sai ana gobe ɗaurin aure. A gama aikin da aƙalla mako biyu ko uku, don amarya ko ango su sami damar cin abinci da shan ruwa cikin daɗi ranar buki.

5. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 18 ba, su dakata. Haƙorin yaro ɓargonsa babba ne, kuma yana kusa da waje.

6. A sani cewa ciko da haƙorin roba da hular haƙori ba su canza launi. Mai irin waɗannan a gaban baki zai iya wayar gari da haƙora launi biyu.

IDAN ZOGI YA ZO

Na farko, a dakatar da maganin kwana biyu ko uku. Farin da aka samu ba zai gudu ba don an huta. Idan za a ci gaba, sai a riƙa tsallake rana ɗaya, a rage lokaci. Wanda ke kwana da roba a baki ya koma sa'a ɗaya ko biyu da rana. A rage yawan abin da ake zubawa, ɗigo ɗaya ƙarami ya ishi kowane haƙori. Wanda ya malalo kan dasashi a share shi da auduga nan take.

Na biyu, a ci gaba da man rage zogi sau biyu a rana. Bayan an goge, a tofar da kumfa, amma kada a kurkure baki da ruwa, domin a bar maganin ya zauna ya yi aiki. Da dare ana iya ɗiban kaɗan a yatsa mai tsabta a shafa a wuyan haƙoran da ke zogi. Likita kuma yakan ba da maganin fotasiyam naitiret da fulorayid da ake zubawa a robar nan a sa minti 10 zuwa 30 kafin a sa maganin fari ko bayan an cire shi. Man rage zogi ba ya nuna cikakken amfaninsa rana ɗaya, yakan ɗauki kamar mako biyu, saboda haka kada a yi gaggawar cewa ba ya aiki.

Na uku, a yi amfani da buroshi mai laushi, a goga a hankali na minti biyu. Mai amfani da asuwaki ya tauna kansa ya yi laushi sosai, ya riƙa gogawa daga dasashi zuwa bakin haƙori. Gurzawa da ƙarfi daga gefe zuwa gefe kamar ana zarto, ita ke cin wuyan haƙori ta kori dasashi.

Na huɗu, a kula da abin da ake ci da sha. A ajiye ruwan leda mai sanyi da ƙanƙara da shayi mai tururi na 'yan kwanaki, a koma ga ruwa mai ɗumi-ɗumi. A rage kayan tsami, irin su lemun tsami da lemun zaƙi da abarba da zoɓo da kunun tsamiya da lemun kwalba. Kowa ya san yadda tsamiya kan kashe haƙora. Tsamin nan laushi yake sa wa ɓawo, don haka wanda ya sha abu mai tsami ya kurkure baki da ruwa, ya dakata kamar sa'a ɗaya kafin ya goge. A watan azumi, mai fama da wannan zogi ya fara buɗa baki da abu mai ɗumi maimakon ya afka wa zoɓo mai ƙanƙara.

Na biyar, a yi hattara da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan randa da na tanki kan yi sanyi ƙwarai da asuba. A sirka ruwan alwala da na wanke baki da ɗan ruwan zafi. Mai sammakon fita aiki daga Karu ko Nyanya zuwa cikin birni, musamman a kan babur ko cikin Keke, ya rufe baki da mayafi ko takunkumi, ya riƙa numfashi ta hanci.

Na shida, idan zogin ya hana sukuni, babban mutum yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu, a bar aƙalla sa'a 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha, kada a wuce ƙwaya 8 cikin sa'a 24. Aibufurofen shi ma yana taimakawa, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai asma, da mace mai ciki kada su sha sai da iznin likita.

Idan dasashi ya yi fari yana raɗaɗi, magani ne ya ƙona shi. A wanke da ruwa mai yawa, a daina sa maganin. Ƙaramar ƙuna takan warke da kanta cikin 'yan kwanaki.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Hausawa sun ce garin neman ƙiba akan samo rama. Akwai dabarun gida da ake yaɗawa a wayoyin hannu waɗanda cutarsu ta fi amfaninsu.

Gawayi da toka da yashi da gishiri kankare haƙori suke yi. Da farko za a ga haske don sun ɗebe tabon waje, amma suna tafiya da ɓawo. Ɓawo in ya yi siriri kuwa rawayar ciki ce ke ƙara fitowa, sai mutum ya ƙara gurzawa, zogi ya zama na dindindin. Lemun tsami da aka kwaɓa da bekin soda ko gishiri ya fi su ɓarna, domin tsami ya narkar, gari ya kankare.

Kada a kurkure baki da haidurojin na wanke miki. Kada a kusanci haƙori da bilicin na wanki, ko man bilicin na fata, ko ruwan batir. Kada a danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi don kashe zogi, ƙona nama take yi. Kada a sayi maganin da aka ɗura a kwalba marar suna, ko wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa da ƙarfinsa ba. Araha ba ta ado. Haka kuma kada a mai da aikin al'ada ana yi kowane wata, a bar likita ya faɗi lokacin da ya dace a sake.

LOKACIN DA YA WAJABA A TAFI ASIBITI

Wani lokaci zogin ba na magani ba ne, wata cuta ce da ke ɓoye maganin ya tono ta. A tafi wurin likitan haƙori ba tare da jinkiri ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zogi bai ragu ba bayan mako guda da daina sa magani.

2. Ciwon a haƙori ɗaya tak yake, har mutum yana iya nuna shi da yatsa.

3. Ciwon yana daɗewa bayan sanyi ko zafi ya wuce, ko yana tashe mutum daga barci, ko yana bugawa kamar zuciya.

4. Ana jin zafi idan an tauna ko an cije.

5. Dasashi yana jini ko ruwa, ko ya yi gyambon da ya ƙi warkewa.

6. Kunci ko muƙamuƙi ya kumbura, ko zazzaɓi ya shiga.

Idan kumburi ya kai ga wahalar buɗe baki ko haɗiya ko numfashi, wannan na gaggawa ne. A kai mutum asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

A asibiti likita yana da magunguna da suka fi na gida ƙarfi. Yana iya shafa fulorayid mai kauri kamar fenti a kan haƙora, ko ya like wuyan haƙorin da ya buɗe, ko ya cike kogo, ko ya yi aikin jijiya idan ɓargo ya lalace.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

Mazauna Karu da kewaye suna iya fara tambaya a Babban Asibitin Karu ko na Nyanya. Asibitin Ƙasa da ke cikin birnin Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada suna da sashen haƙori. A sauran jihohi kuwa, sai a nemi sashen haƙori na babban asibitin gwamnati ko asibitin koyarwa mafi kusa.

Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, watau MDCN, ita ke yi wa likitan haƙori rajista ta ba shi lasisi. Haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ya tambayi wanda zai taɓa masa baki ko yana da wannan lasisi, kuma ba rashin kunya ba ne. Mai gyaran gashi ko mai kwalliya, kome ƙwarewarsa a sana'arsa, ba a koya masa gane kogo ko ciwon dasashi ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da magunguna da kayan shafe-shafe. A duba lambarta da ranar lalacewar kaya a jikin kwali kafin a biya kuɗi, a kuma kai mata rahoton duk kayan da ake shakka.

Daga ƙarshe, hanyar da ta fi sauƙi da araha ta samun haƙora masu haske ita ce goge baki safe da dare da man da ke da fulorayid, da rage goro da kayan zaƙi, da barin taba, da kai baki a duba aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su sami ganinta ba. Allah Ya ba mu lafiya, amin.